Shiru Iri Uku da Kwanon Illa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Ɗan Inna,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a kan kujerar mota. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da direba mai gyangyaɗi, da abokin zama mai dogon hannu. Allah ya sauke ka Lome lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki. Amin.

Na sa takardar cikin ƙaramin ƙamus ɗin nan nawa mai koren bango, na ce wa ƙanwarka Hadiza ta tura shi ƙarƙashin cukun da mahaifiyarka ta ɗaure maka. Na san halinka da cuku, ba za ku kai Konni ba sai ka kwance ƙunshin. To ka ci, ka goge hannu, sannan ka karanta a hankali.

Wannan ita ce ta huɗu, uku na yayyaga. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da alli, na rubuta wa rabin Tamaske wasiƙa, amma taka ta gagare ni. Akwai magana guda da nake son faɗa maka. Mahaifiyarka ta ce kada in faɗa, ni kuma na rasa wa ke da gaskiya tsakaninmu. Abin da na tabbata kawai shi ne ina jin tsoro. Tsorona kada ka yi irin tafiyar ƙanena Illa, babanka ƙarami, wanda ya bar garin nan kana ɗan shekara bakwai, har yau bai sake taka shi ba. Kuma ni na jawo. Ka bar ni in bi ta hanyar da na iya, ko da za ka ga ta yi kwana-kwana.

Mutumin da za ka sauka gidansa, Mushe Kosi, tsohon malamin lakwal ne kamar ni, mai koyar da boko. Shi ya samo maka gurbi wurin masu koyar da gyaran injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ban taɓa ganinsa ba. Esperanto ya haɗa mu, harshen nan da kuke ce wa yaren Baba, wanda ba shi da gari ba shi da kasuwa. Ina ƙaramin mushe, sabon malami, a Keita, lokacin da ake aikin jera duwatsu a kan fako da dashen itatuwa, wani Bature mai awon ƙasa ya ba ni wannan ƙamus da wani ɗan littafin darasi. Ya ce wani likitan ido ne ya zauna ya ƙera harshen, wai domin mutanen duniya su fahimci juna su daina faɗa. Ya ce cikin wata uku zan iya. Bai yi ƙarya ba, wata uku na fara haɗa jimla. Abin da bai gaya mini ba shi ne akwai kalmomi masu zama kusa da juna kamar gonaki biyu da iyakarsu ta shafe, kuma a nan mutum ke shiga gonar da ba tasa ba. A bayan littafin akwai sunayen masu neman abokin wasiƙa. Na zaɓi na Togo, wato Kosi, domin shi ya fi kusa.

Tun a wasiƙa ta biyu na sha jan biro. Na so in nuna masa na ƙware, na rubuta cewa yanzu kam na san shi. Ya maido mini takardata da ja a ƙarƙashin kalmar, kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Wai su sani biyu ne gare su. Akwai *scii*, sanin labari, abin da ka ji ko ka karanta ka riƙe a ka. Akwai *koni*, sanin mutum ko gari ko hanya, wanda sai ka yi hulɗa da abu kake samunsa. Ta farko ma furta ta aiki ne. Na yi kwana da kwanaki ina gwadawa a tsakar gida, har mahaifiyarka ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, wa kaka yi ma tsaki tun da sahe?"

Na gyara. Bayan shekara biyar muna rubutu, na sake rubuta masa cewa na san shi, wannan karon da kalmar da ta dace. Ya amsa cewa kalmar daidai take, maganar ce ba daidai ba. Wai rubutun hannunsa na sani. Na ji haushi sosai, na yi wata biyu ban amsa ba. Kada ka yi irin wannan fushin nawa idan ya gyara maka magana, halinsa ne, ko limami zai gyara wa. Kuma ka riƙe wannan: duk abin da ka gani na Lome a cikin talho ɗinka, wayar nan ta hannunka, sanin labari ne. Ka sa bakinka a aljihu wata guda, ka kalli yadda suke gaisawa, wa ke fara cin abinci, wa ake durƙusa wa. Kada ka shiga garin mutane kana gaya musu yadda garinsu yake.

Amma ga inda abin ya ɗaure mini kai. Na zauna jiya ina tambayar kaina, kai fa, wane sani na yi maka? Na san ranar da aka haife ka, na san makin da ka ci a kowane aji, na san lambar takalminka. Duk wannan na ka ne. Kai ɗan fari ne, kuma ka san al'adarmu. Ana yaye ka Inna ta ɗauke ka, uwata, kakarka. Ban goya ka ba, ban yi wasa da kai gaban mutane ba, sunanka ma ban taɓa kamawa ba, sai Ɗan Inna, sai "wancan". Haka ubana ya yi wa yayarmu, kuma ba wanda ya ce ba ya sonta. Ni ma ban taɓa ganin laifin abin ba. Sai yanzu da za ka tafi na duba na ga ban san abin da ke ba ka dariya ba, ban san abin da kake tsoro ba. Ko wannan kunya ce ko sakaci ne ya sa rigar kunya, wallahi ban sani ba.

Yanzu maganar Illa. Ka ji ta gutsi-gutsi a bakin mata, yau ka ji ta daga bakin mai laifi.

A zamanin babu talho a gari. Maza na gama girbi su tafi cin rani, Abijan ko wani wuri, su dawo da ruwan farko. Tsakanin nan sai wasiƙa, kuma mai rubutawa ni ne. Mata da tsofaffi su zo zaurena bayan la'asar, su faɗa in rubuta. Akwai ƙa'idar da ba wanda ya koya mini, amma kowa ya san ta: ba a aika wa matafiyi mugun labari. Yana ƙasar mutane, ba uwa ba uba, idan ka tayar masa da hankali zai bar aikinsa ko ya faɗi ciwo. Saboda haka gida lafiya, yara lafiya, bisashe lafiya. Idan rumbu ya ƙone, a ce an ɗan yi ɓarna. Idan mutum na kwance rai a hannun Allah, a ce jiki ya ɗan motsa amma da sauƙi. Na rubuta "da sauƙi" ya fi a ƙirga.

Shekarar da Inna ta kwanta, Illa na Abijan. Ya yi alkawari ba zai dawo ba sai da kwanon da za a rufa mata ɗaki, domin ɗakinta na yoyo duk damina. Da bazara ciwon ya tsananta, muka kai ta Buza, muka dawo da ita ba wani canji. Sai ga takardar Illa. Ya ce wani mutumin Karofan ya gaya masa ya ga Inna a asibiti, a faɗa masa gaskiya, idan abin ya yi nauyi ya taho. Na karanta mata. Kana zaune wajen ƙafafunta a ranar, kana wasa da murfin kwalla, ba za ka tuna ba.

Ta ce, "Kak ka hwaɗa mishi. Ka ce da sauƙi."

Na ce, "Inna, ya tambaya hwa."

Ta ce, "Yaro na can shina wahala sabadda ni, sai ka ɗora mishi wata? Ni na haihe shi ko kai? Rubuta abin da nac ce."

Na rubuta. Har nan ina iya cewa umarnin uwa na bi. Amma na ga takardar ta yi gajarta, na ji tsoron zai gane. Sai na cika shafi biyu. Na ba shi labarin akuyar da ta haifi uku, da rijiyar da aka yashe, da auren ɗan maƙwabcinmu. A ƙarshe na ƙara layi guda wanda Inna ba ta sa ni ba. Na ce kada ya yi gaggawa saboda shuka, na samu masu taya ni, ya tsaya ya kammala abin da ya je nema.

Ya tsaya. Inna ta rasu kwana tara bayan ruwan farko. Takardar rasuwa da na aika ta saɓa da shi a hanya. A tashar Tawa, yana tsaye ana ɗaura masa kwanonsa a kan motar Tamaske, wani ɗan garinmu ya kama hannunsa ya ce masa ya haƙuri. Haka ya ji.

Da ya iso bai yi kuka gabanmu ba. Ya sa aka sauke kwanon, aka jingina shi bayan rumbu. Bayan kwana uku ya same ni a zaure, ya ciro takardata daga aljihu, ta yi laushi saboda ninki.

Ya ce, "Yaya, wagga takarda sau ukku anka karanta min ita, mutum ukku daban. Nuna min inda kac ce in taho."

Na ce, "Ai na ce jiki ya motsa."

Ya ce, "Ka ce in tsaya."

Na ce masa Inna ce ta hana. Ya ce ya sani, halinta ne, ita bai ga laifinta ba. Ya ce, "Amma kai na tambaya, ba ita ba. Kai ka yi lakwal. In kai ba ka hwaɗa min gaskiya ba, wa za ya hwaɗa min?" Ana yin sadakar arba'in ya tafi. Kwanon da kuka taso kuna gani bayan rumbu, wanda na hana a taɓa ko da ɗakin mahaifiyarka ke yoyo, shi ne. Yanzu da talho ya zo yakan kira ni da Salla. Ya ce kowa lafiya, in ce kowa lafiya. In ce can fa, ya ce lafiya lau. Sai ɗayanmu ya ce layin ba kyau.

A lokacin ba ni da wanda zan gaya wa. Duk garin sun ce abin da na yi daidai ne, Illa ne mai zafin zuciya. Sai na rubuta wa Kosi. Na ce masa ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi. Na sa kalmar da na sani, *silenti*. Amsar ta zo bayan wata biyu, kuma karo na farko babu jan biro, da fensir ya rubuta. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce akwai kalmomi uku da ya kamata in ajiye a gabana. *Silenti* shi ne bakinka a rufe, ba ka ce komai ba, kamar mai sauraron huɗuba. *Prisilenti* shi ne kana magana, kana ma iya zuba kamar kanya, amma akwai abu guda da kake kewayewa da gangan. Ta uku *kaŝi*, ana karanta ta kashi, kuma na san kana dariya yanzu, mahaifiyarka ma ta yi. Ita ce ka ɗauki abu ka rufe shi domin mai nema kada ya gani. Ya ce shi ba zai zaɓar mini ba, ni na san wadda na yi.

To yau shekara ashirin ke nan ina zaɓa ban gama ba. Ta farko dai ta fita, wanda ya cika shafi biyu bai yi shiru ba. Wata rana in tashi in ce ta biyu ce, ai na ambaci ciwon, kewaye nauyinsa kawai na yi, kuma haka kowa ke yi. Wata rana in tuna labarin akuyar nan da na shimfiɗa a kai, da layin ƙarshe, in ce a'a, wannan rufewa ce, ta uku ce. Sai kuma in ce, to ai don tausayi na yi, harshen da ba shi da wurin tausayi wane irin harshe ne? Na bi ƙamus shafi-shafi har na samo *indulgi*, wato ka sassauta wa mutum, ka ɗauke masa abin da zai yi masa zafi. Na yi murna, na aika wa Kosi, na ce ga tawa. Ya amsa da layi biyu. Ya ce kalmar na da kyau, amma ba mai yi ke sa wa kansa ita ba, wanda aka yi wa ne ke faɗa. In tambayi Illa ko ya ji an sassauta masa. Ban tambaya ba.

Ba na ce maka al'adarmu banza ce. Na ga mutumin da aka gaya wa rasuwar ɗansa ta talho yana kan babur, da ƙyar aka tsince shi. Tsofaffinmu ba wawaye ba ne. Amma ka ji abin da na koya da tsada: idan mutum ya dube ka ya ce faɗa mini gaskiya, daga nan hukuncin ya bar hannunka. Saboda haka idan ka kira gida, kada ka ce mini lafiya lau alhali ka kwana biyu ba ka ci ba, ko zazzaɓi ya kayar da kai. Kuma kai ma kada ka haɗiye lafiya lau ɗinmu ba taunawa. Ka tambaya sau biyu. Idan ba ka gamsu ba ka nemi Hadiza, ita magana ba ta kwana a cikinta.

Kuskurena na ƙarshe sabo ne, bai kai wata biyu ba. Ranar da saƙon Kosi ya zo cewa an ba ka gurbin, ka same ni a zaure da la'asar ina jin rediyo. Ka durƙusa, ka daɗe, sannan ka ce, "Baba, in tahi?" Na ce, "Allah shi ba da sa'a," na juya ina murɗa rediyo kamar tashar ta ɓace. Tashar ba ta ɓace ba. Na ji ka tsaya a bakin ƙofa kaɗan kafin ka fita. Da na shiga gida mahaifiyarka ta ce, "Yaro ya zo neman magana wurin ubanai, kai ko ka ba shi labarun duniya."

Tun ranar nake juya kalmomi biyun nan naka. A yaren Baba akwai *demandi*, tambaya don a ba ka amsa, akwai *peti*, roƙo don a ba ka wani abu. Mu ma muna da su, amma ka san mu, roƙonmu cikin rigar tambaya yake zuwa. Mai son aron garma cewa yake ko garmarka na nan. To kai tambaya ka yi ko roƙo? Idan roƙo ne, me ka roƙa? In ce ka tafi, ko in ce ka zauna, ko dai kawai in ɗaga kai in dube ka? Na rasa. Kuma amsar da na ba ka ma ban san sunanta ba. A zuciyata *permesi* na yi, wato na yarda da bakina da albarkata. Amma ina jin abin da ya iso kunnenka *lasi* ne, wato an ƙyale ka, yi abin da ka ga dama, ba ruwan kowa. Kuma kusa da wannan akwai wata mai ɗan ƙari a gaba, *forlasi*, barin da ba a waiwaye. Tsakaninsu taku ɗaya ne. Illa daga ta biyun ya taka zuwa ta ukun, ina tsaye ina kallo.

Idan wata rana ka zama uba, ko maigidan wani, kuma ƙarami ya zo ya durƙusa gabanka, ka kashe rediyon.

To ga maganar da na yi ta kewayewa, har na cika shafi huɗu, ninkin na wancan karon. Na ga hannuna na neman ya ba ka labarin albasa da na tumaki, na tsayar da shi.

Idona ne. Ka tuna ranar da na yi wa turmi sallama da magariba kuka yi ta dariya, ni ma na taya ku? Ka tuna yadda nake yawan ture buta idan tana hagu? Tafiyar da na yi Madawa bayan girbi, na ce zan gaida wani tsohon abokin aiki, wurin likitan ido na je. Ya ce ruwan cikin idon ne ya yi nauyi yana danne jijiyar gani. Na hagu ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama ana riƙonsa da maganin ɗigawa safe da yamma. Na tambaye shi shekara nawa zai riƙe. Ya ce, da sauƙi, Malam. Na yi dariya har ya tsargu. Na ce masa, ɗana, wannan kalma ni na fi ka sanin ta. Sai ya faɗa mini gaskiya: bai sani ba. Yana iya kai ni ƙarshen rayuwata, yana iya tafiya kafin shekara ukun da za ka yi.

Mahaifiyarka ta ce, "In ka hwaɗa mishi ba ya tahiya. Ka bar yaro shi nemi abin kainai." Muryarta a ranar sak ta Inna. Kuma tana da gaskiya, shi ya sa ban faɗa maka a gida ba, na bari sai mota ta yi nisa. Ka ga ko a nan ban fita sarai ba, rabi na ɓoye rabi na faɗa. Ban san kalmar wannan ba, ƙila Kosi ya sani. Amma na auna, na ga idan na bar ka ka dawo bayan shekara uku wani ya tare ka a tashar Tawa ya ce maka ya jikin tsoho, ai ba ya gani, to na yi abu ɗaya sau biyu, kuma wannan karon ba ni da uwar da zan ce ita ta sa ni.

Yanzu ka saurara da kyau, domin nan kaɗai ne kaina bai ɗaure ba. Kada ka sauka a Konni. Kada ka juyo. Zamanka a gida ba zai ƙara wa idona kwana ɗaya ba, kuma masu lambun albasa daga nan har Sabon Gida na jiran wanda zai gyara musu inji ba sai sun kai shi wata ƙasa ba. Na yarda ka tafi, da bakina, da albarkata, da ta mahaifiyarka. Gona akwai mijin gwaggonka da zai kama mini. Magani Hadiza ke ɗiga mini, kuma ta fi soja tsanani.

Ga alkawarina. Daga yau idan na ce maka da sauƙi, to da sauƙin ne. Idan babu sauƙi zan ce babu. Ranar da na ce ka taho, kada ka tsaya kammala komai, ko kwano ne ko takardar shaida, ka taho. Idan rubutu ya gagare ni zan sa Hadiza ta ɗauki muryata ta aika maka.

Ka gaida Mushe Kosi. Ka ba shi rabin cukun idan ka rage, ka ce masa daga mutumin da ya san rubutun hannunsa. Ka dube shi da kyau, tsawonsa, furfurarsa, yadda yake dariya, domin kai ne idon da zan gan shi da shi. Ka riƙe salla. Ka riƙe amanar gidan da ka ci tuwonsu. Idan ka ga hali ka kira babanka ƙarami, lambarsa na bangon ƙamus ta ciki. Ka gaya masa kwanonsa na nan, tsatsa ta ci na saman amma na ƙasa lafiya lau suke, kuma wannan lafiya lau ta gaskiya ce, na sa an ɗaga an duba. Ka ce ina tambaya ko ya yarda in rufa ɗakin mahaifiyarka da su. Idan ya ce tambaya ce ko roƙo, ka ce roƙo ne.

Gobe zan raka ka tasha. Na san uba ba ya raka ɗan fari, na san za a yi magana a majalisa, su yi. Lokacin da kake karanta wannan ka riga ka ga na tsaya ta gefen dama na motar ina kallonka, ƙila har ka ji kunya ka sunkuyar da kai. Da ka ɗaga shi. Ajiyar fuskarka nake yi.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka gama da hannu mai albarka. Allah ya sa ƙafar da ta fita da kai ita za ta maido ka ƙofar gidan nan, ko ina gani ko sai na shafa.

Ka dawo, Haruna.

Ni ne mahaifinka,
Isuhu, Tamaske.